Kawun Ɗakin Gwaji, Malamin da Aka Hana Riƙe Alli

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashenmu na koyon aikin injiniya. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas, kuma ashirin da shida daga cikinsu a ginin nan ya ƙarar da su. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya mata uku, da ɗalibai masu yawa waɗanda babu wata takarda a ofis da ta yarda cewa ɗalibansa ne.

Mahaifiyata ta gan ni da biro da takarda washegarin rasuwar, ta ce mini ba a rubuta ta'aziyya da fushi, in bari zuciyata ta huce. Na bi maganarta, na jira kwana tara. Ba ta huce ba. Don haka zan rubuta a yadda nake, wanda ya ga na yi kaushi ya yafe mini.

Sanarwar da sashe ya liƙa layi biyu ce da rabi, a ƙarƙashin takardar sauyin ɗakin jarrabawa. Sun yi kuskure a rubutun sunansa. Sun kuma ce ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Wannan ƙarya ce. Kawu bai yi ko ciwon kai ba. Kantar ƙarfe ce mai ɗauke da tsofaffin injuna ta faɗo masa a cikin sito. Yadda aka yi mutumin da aikinsa ɗakin gwaji ne ya koma zaman sito, shi ne abin da na zo in faɗa, kuma da hannuna a ciki.

Kawu, yanzu da kai nake magana. Ba mu haɗa jini ba. Haka dai kowa yake kiranka, daga ɗan aji ɗaya har masu shara. Shekara biyu na yi ina shiga ɗakinka ina fita ban san ka ba, sai dai in ga dattijo mai rigar aiki ruwan ƙasa, da fensir a bayan kunne, da tabarau wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da jar waya. Kai kake fito mana da kayan awo, kai kake mayarwa. A wurina a lokacin, da kai da kabad ɗin da kake buɗewa duk kayan ɗaki ne. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gaskiya ce.

A farkon aji uku mota ta bugi babur ɗin da ya ɗauko ni, na karye a cinya. Aka sa mini ƙarfe, na yi mako bakwai a kwance ina kallon silin. Da na dawo, da sanduna biyu na dawo, kuma zango ya riga ya wuce rabi. Sauran darussa na lallaɓa na kamo su da littattafan ƙawayena. Guda ɗaya ne ya ƙi, darasin lissafin da ake kira difarenshiyal. A lissafin da muka saba, ana ba mutum tambaya ya nemo lamba. A wannan kuwa, saurin da abu yake sauyawa ake ba ka, a ce ka nemo yadda abin kansa zai kasance a kowane lokaci. Kowane mako nasa a kan wanda ya gabata yake zaune, kamar bulo a gini. Ni kuwa layi bakwai na ƙasa babu su, kuma ana so in ɗora rufi.

Ba ƙaramin abu ne yake gabana ba. Wanda ya faɗi wannan darasi ba ya shiga aji huɗu. Ni kuma na riga na maimaita aji ɗaya, kuma doka ta ce wanda ya maimaita sau biyu kora ce. Mahaifina mai walda ne. Babu wanda zai kawo masa gyaran ƙofa ko taga ya tafi bai ji cewa 'yarsa za ta zama injiniya ba. Duk lokacin da na buɗe littafin nan fuskarsa nake gani.

Ajin a bene na uku yake, matakala hamsin da huɗu. Na ƙirga su da sanduna. Ranar farko na zauna awa biyu Dakta, malamin darasin, yana cika allo yana gogewa, ban fahimci ko layi ɗaya ba. Da aka tashi na same shi yana tattara takardunsa.

Na ce, "Yallaɓai, jinya na yi. Ko za a taimaka a nuna mini inda zan faro?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ki faro daga shekara mai zuwa."

Bayan kwana goma aka yi gwaji. Al'adarsa ce ya karanta makin kowa a gaban aji. Da ya zo kaina ya ɗaga takardar sama ya ce, "Uku cikin talatin. Ɗaya na sunanki, ɗaya na kwanan wata, ɗaya na wahalar hawa bene." Aji ya fashe da dariya. Ban riƙe 'yan ajin a zuciya ba, dariyar tsoro ce, kowa yana murna ba shi ba ne. Shi kam na riƙe shi, kuma har yau ban sauke ba.

Na sauko matakalar nan ina haɗiye kuka, na shige ɗakin gwaji don shi ne a ƙasa kuma babu kowa a ciki da rana tsaka. Na dunƙule takardar na yi jifa da ita. Ban san kana bayan kabad ba. Ka fito, ka sunkuya ka ɗauka, ka shimfiɗa ta a kan tebur kana goge ta da tafin hannu kamar mai guga. Ka daɗe kana dubawa. Na zaci za ka ce in yi haƙuri, kamar yadda kowa yake cewa.

Ka ce, "'Yata, har layi na huɗu daidai kike. Ba darasin bana ne ya kayar da ke ba, na bara ne. Haddace shi kika yi kika wuce, ko ba haka ba?"

Haushi ya kama ni. A raina na ce, wannan mai goge tebura me ya sani? Ka shiga bayan ɗaki ka fito da babban gwangwanin fenti, da ƙusa, da guduma. Ka huda shi a gindi, ka toshe da yatsa, ka cika shi da ruwa, ka tsoma rula a ciki, ka miƙo mini agogon hannunka. Ka ce duk bayan minti ɗaya in rubuta inda ruwan ya tsaya. Na zauna a kan kujerar katako, ƙafata a miƙe, ruwa yana tsiyaya cikin baho, ina rubutu ina jin kamar ana wasa da hankalina.

Da ruwan ya ƙare ka tambaye ni abin da na gani. Na ce da farko yana zuba da ƙarfi, yana yin ƙasa yana rage gudu. Ka ce in rubuta wannan maganar da Hausa, cikakkiyar jimla, a saman takarda. Na rubuta cewa saurin zubar ya dogara da yawan ruwan da ya rage. Sai ka ɗauki fensir ɗinka ka bi jimlar kalma bayan kalma, kana sa harafi a ƙarƙashin kowace. Da ka gama, abin da ya fito shi ne irin layin da Dakta yake rubutawa a allo ina kallonsa kamar rubutun aljanu. Ka ce, "To, ga dodon naki. Jimla ce kawai, an tuɓe mata riga."

Kwana uku muka yi kafin na iya warware layin nan da kaina. A rana ta uku ka sake cika gwangwanin, ka ja alama da alli kusa da gindi, ka ce in lissafa lokacin da ruwa zai iso ta kafin ka sake yatsanka. Na lissafa, na ce minti goma sha ɗaya da daƙiƙa ashirin. Ka saki. Muka tsaya muna kallo. Ya iso alamar a minti goma sha ɗaya da daƙiƙa ashirin da shida. Na manta da ƙafata na miƙe tsaye, saura kaɗan in kife. Tun da na fara makaranta ban taɓa ganin lissafi ya faɗi abin da zai faru kuma ya faru a gaban idona ba sai ranar.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka kai mai lallashi ne. Ba ka da sauƙi ko kaɗan. Ka mayar da ni darasin bara, wanda ake komawa baya daga saurin abu zuwa abin kansa, ka ba ni tambayoyi arba'in ka ce kada in zo maka sai na gama. Na ce jarrabawa saura mako biyar, ba ni da lokacin komawa baya. Ka ce wanda ya ɓata hanya, gudu ba ya kai shi gida. Na kawo su, ka soke goma sha bakwai da jan fensir. Wata rana na kwafi amsa daga littafin ƙawata, ka duba sau ɗaya ka ture takardar gefe ka ce, "Wannan ba kuskurenki ba ne, na wata ne. Ki kawo mini naki." Na taɓa jifa da biro har ya bugi bango. Ka ɗauko shi ka ajiye a gabana, ka ci gaba da cin burodinka kamar ba a yi komai ba.

Hutunka na rana, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu, shi ka ba ni, kullum. Mako guda cur ka sha shayi mai sanyi, saboda ka tsoma ma'aunin zafi a kofinka don in ga yadda abu mai zafi yake hucewa da sauri da farko, sannan a hankali. Da muka iso babin da ya fi ba ni tsoro, na abubuwan da suke lilo, ka rataye ƙarfe a jikin sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan mai miƙewa ta koma, ka ja ka saki, ya yi ta hawa da sauka. Ka tsoma shi a ruwa, lilon ya mutu da wuri. Ka tsoma shi a cikin baƙin mai, ya koma wurinsa a hankali ko lilo ɗaya bai yi ba. Amsoshi uku da na yi kwanaki ina ƙoƙarin haddacewa, ga su nan a cikin gwangwanaye. Da na ajiye sanda ɗaya ka raɗa mini Ƙafa Uku, kuma kai ka yanko tsohuwar taya ka liƙa a gindin sandar da ka ga tana zamewa a kan siminti. Ban roƙe ka ba.

Sai daga baya na san inda ka samo wannan ilimi. Ƙaramar takardar shaida kawai gare ka, ba ka yi digiri ba. Amma a da a ɗakin da yake manne da naka ake koyar da darasin, allon katako ne kawai tsakani, kuma shekara da shekaru kana gyaran kaya kana saurare. Ka tsinci wani tsohon littafi marar bango da ɗakin karatu ya zubar, ka bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ka cika littattafan rubutu goma sha ɗaya. Na gan su da idona a ƙasan kabad ɗinka, an ɗaure da igiyar roba. Wasu tambayoyin ka warware su ta hanya uku. Na tambaye ka amfanin wannan wahala tun da babu mai ba ka maki, ka ce abin yana maka daɗi ne kawai.

Labari ba ya ɓuya. Ƙawata ta biyo ni, sannan wasu biyu, kafin mako uku mun kai ashirin, wasu a tsaye, wasu a bakin taga. Ka samo guntun allo ka jingina da bango. Ba ka taɓa kushe Dakta a gabanmu ba. In wani ya fara zaginsa sai ka ce a bar maganar, mutum ne mai ilimi, sauri ne kawai ya yi masa yawa.

A nan ne na yi abin da ba zan daina nadamarsa ba. Saura mako biyu jarrabawa, Dakta ya rubuta tambaya a allo ya kira ni, kuma kowa ya san dalilin kiran. Na dogara sandata na je, na warware ta tas, ta hanyar da ba ita ya koyar ba, gajeriya da rabi. Ya duba allon, ya dube ni, ya ce wa ya koya mini wannan. Ina da damar in ce a littafi na gani. Amma ina son in rama. Ina son ya ji ciwo kamar yadda na ji. Na ɗaga murya yadda na baya za su ji na ce, "Kawun ɗakin gwaji ne, Yallaɓai." Aka yi tafi. Na koma kujerata ina jin kaina a sama. Baki shi ke yanka wuya, amma ni ba wuyana nawa ya yanka ba.

Bayan kwana uku aka ba ka takardar tuhuma. Laifinka, wai koyarwa ba da izini ba, da ruɗa ɗalibai, da amfani da kayan makaranta ba bisa ƙa'ida ba. Kayan makarantar su ne gwangwanin fenti da baƙin man da aka zubar. Shugaban Sashe, wanda kai ka koya masa riƙe na'urar awo lokacin yana ɗalibi, shi ya sa hannu. Aka karɓe mabuɗan ɗakin da ka riƙe shekara ashirin da huɗu, aka mayar da kai sito a bayan gini, ɗaki marar taga inda ake jibge duk abin da ya lalace. Aka ce duk ɗalibin da aka gani a wurinka zai fuskanci kwamiti.

Na same ka a bakin hanya ranar, kana tura kekenka. Na kasa haɗa ido da kai. Na fara ba da haƙuri ka katse ni. Ka ce, "Ƙafa Uku, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ni na ja abina. Saura babi biyu. Ki zo gida ranar Asabar da safe, ki zo da sauran."

Mu goma sha huɗu muka je. Matarka, wadda muke kira Goggo, ta kwashe kujerun falo ta shimfiɗa mana tabarmi, ta ciro kalanda daga bango ta juya bayanta don ka samu wurin rubutu. Asabar da Lahadi biyu muka yi haka. A tsakiyar mako kuma Inna mai shara ce take karɓar littafina ta sa a ƙasan bokitinta ta kai maka sito, ta dawo mini da shi da jan fensir ɗinka. Haka aka koyar da ni babi biyu na ƙarshe, kamar masu fataucin kayan sata, a cikin makarantar da aka gina domin koyarwa.

Na ci sittin da takwas. Daga cikinmu goma sha huɗun nan mutum ɗaya ne ya faɗi. A shekarar da ta gabace mu kusan rabin aji ne suka faɗi. Na zo maka har sito, ban damu da wanda zai gan ni ba, na faɗa maka. Ka cire tabarau ka goge, ka mayar, ka ce, "To, ina sauran talatin da biyun?" Amma Goggo ta gaya mini daga baya cewa ranar ka shiga gida kana waƙa, abin da ba ta taɓa ji ba. Sashe kuwa ya rubuta wa Dakta takardar yabo saboda sakamako ya gyaru. Ya karɓa, ya sa a gilashi, tana rataye a ofishinsa har gobe.

Shekara biyu ka yi a siton nan. An ce na ɗan lokaci ne, sai aka manta da kai, ko aka ga dama aka manta. Kantocin ƙarfen da suke ciki sun girme ni. Sau uku ka rubuta cewa ta ƙarshen ta karkace, notunan da suka riƙe ta da bango sun ci tsatsa, kayan da suke kanta sun fi ƙarfinta. Kwafin takardun uku suna hannun Goggo, kowace da hatimin ofis na cewa an karɓa. A ta ukun har ka lissafa nauyin da take ɗauke da shi da wanda za ta iya ɗauka. A sashen da ya cika da masu digiri a kan ƙarfin ƙarfe, babu wanda ya taka ƙafa ya je ya duba. Ka nemi a ba ka mutum biyu ku sauke kayan, aka ce a jira kwamiti ya zauna. Ranar Larabar, da ƙarfe goma na safe, aka aiko ka ɗauko wata tsohuwar na'ura daga kanta ta ƙasa. Ka sunkuya, kantar nan da ta karkace ta biyo ka. Babu wanda ya ji, domin babu mai zuwa wurin. Inna mai shara ce ta same ka bayan kusan awa biyu, da ta ga ƙofa a buɗe da kekenka a jingine.

Ana ta ce mini kwana ne ya ƙare. Na sani. Na yi imani babu ran da yake wuce lokacinsa, kuma da a kan gadonka kake da ƙarfe goman nan ta same ka. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana a ɗaure noti ba. Allah ne Yake karɓar rai, mutane ne suka karɓi takarda uku suka sa a aljihun tebur. Kada wanda ya ɓoye a bayan ƙaddara, ba don haka aka koya mana ita ba.

Na ga Dakta a gidanka ranar da aka yi rasuwar, a sahun gaba, da baƙin tabarau. Na ji shi yana gaya wa maƙwabtanka cewa kai mutum ne mai son ilimi, sashe ya yi babban rashi. Shugaban Sashe ya ce kai uba ne ga kowa. Na tsaya a bayan ƙofa ina jin su, saura kaɗan in tanka. Ƙawata ta riƙe mini hannu ta ce in dubi Goggo in yi shiru, na yi shiru. Wannan rubutu shi ne abin da na haɗiye ranar.

Amma ba zan tsaya a kansu in wanke kaina ba. Bayan sakamako ya fito mun rubuta takardar koke, mu ashirin da uku muka sa hannu, muna neman a mayar da kai ɗakinka. Ni na rubuta ta, ni na riƙe ta. Sai wani ya ce mu bari a fara sabon zango. Da aka fara, wani ya tuna cewa Dakta ne zai sake koyar da mu a aji huɗu. Da muka shiga aji biyar muka ce mu bari a duba aikinmu na ƙarshe tukuna. Kowane lokaci akwai dalili, kuma kowane dalili yana da kyau a baki. Takardar tana cikin jakata har ta yi laushi a wurin naɗi. Kai ka yi asarar ɗakinka saboda mu, mu kuma muka kasa yin kasadar maki biyar saboda kai. Nakan biyo in gaishe ka, ka tambaye ni karatu, ka tambayi ƙafata, ba ka taɓa tambayata takardar ba, ko da yake ka san da ita. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kai ma ina fushi da kai, Kawu. Ka san kantar nan za ta faɗi, kai ka lissafa. Me ya sa da aka aiko ba ka ce ba za ka shiga ba? Mu ka koya mana kada mu yarda da amsar da ba mu gwada ba, ko wa ya faɗe ta. Kai kuma duk abin da aka ɗora maka sai ka ce to. Haƙurinka ya yi yawa, kuma waɗanda ka yi wa shi ba su san darajarsa ba.

Jiya na kai kwafin takardunka uku na maganar kantar, da cikakken bayanin abin da ya faru, ofishin shugaban makaranta, da izinin Goggo. Sunana da lambata suna ƙasa. Saura wata biyu in kare aikina na ƙarshe, kuma na san waɗanda za su zauna a teburin. Ihu ne bayan hari, ban ce wani abu ba ne. Mutum shida daga cikin 'yan ajinmu sun sa hannu tare da ni. Sauran sun ce suna tare da mu a zuciya.

Goggo, Allah Ya ba ki haƙurin wannan rashi. Kin buɗe mana gidanki a lokacin da zuwanmu zai iya ƙara wa mijinki laifi, kuma ko sau ɗaya ba ki ɓata fuska ba. Ku 'ya'yansa uku, ku sani mahaifinku malami ne, cikakke, ko da babu ofishin da ya rubuta haka. Akwai injiniyoyi a wurare da yawa da suke cin abinci da abin da ya koya musu a lokacin hutunsa. Ke auta, da kika ce mini lissafi yana ba ki wahala kuma yanzu babu mai duba miki, ƙofata a buɗe take, kuma in ba ki zo ba ni zan zo. Ina yi wa 'yan'uwansa ta'aziyya, da maƙwabtansa, da Inna mai shara wadda ta ga abin da ba za ta manta ba. Sashenmu kuwa ba zan yi masa ta'aziyya ba. Ta'aziyya ta wanda ya san ya yi rashi ce.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka cika shi da haske. Ka sa ilimin da ya bayar ba tare da an biya shi ko an gode masa ba ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka saka masa da Aljanna, Ka kula da bayansa. Waɗanda suka zalunce shi, Kai ne Masanin abin da ya dace da su, na bar su gare Ka. Mu kuma da muka ga zalunci muka yi shiru saboda tsoro, Ka yafe mana, kada Ka sake barinmu mu yi irin wannan shirun. Amin.